Madubi Ba Rumbu Ba Ne

Muna godiya ga waɗanda suka aiko mana da wasiƙu daga Duwala da Ngaundare da Garwa, in Allah ya yarda kowa za mu amsa masa idan layi ya zo kansa.

A wannan watan za mu tsaya ne a kan tambaya ɗaya tak, wadda wani matashi ya kawo mana da ƙafarsa. Shi wannan bawan Allah yana da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a nan Briketeri, ba nisa da kasuwar Mokolo. A cikin kwamfutar shagon nasa akwai aikin shekara bakwai: takardun neman aiki, da kundayen kammala karatu na ɗaliban jami'a, da hotunan takardun filaye da na haihuwa da mutane suka kawo aka ɗauka, da zanen aikin wuyan riga na wasu teloli masu keken kwamfuta, da kuma lissafin bashin da yake bin jama'a. Wansa, wanda ke aiki a wani ofis cikin gari, ya ba shi kyautar faifan ajiya guda ɗaya mai cin terabait 2. An cire faifan ne daga uwar garken ofishin, watau babbar kwamfutar nan da sauran kwamfutoci ke ajiya a cikinta, sa'ad da aka sayo sabuwa.

Ya ce mana: "Malam, mai gyara ya ce in kawo ya haɗa mini shi da na cikin kwamfuta su zama tagwaye, duk abin da na rubuta a wannan ya bayyana a wancan nan take. Wani abokina kuma ya ce a'a, in riƙa kwafe aikina a ciki ina ajiye shi a gida. To wanne zan bi? Faifan dai guda ɗaya ne."

Amsar da muka ba shi gajeriya ce. Muka ce masa ya bi shawarar abokin nasa, ya kwafe aikinsa, ya zare faifan, ya kai shi gida. To amma da yake mun san ba shi kaɗai ke cikin wannan shakka ba, akwai masu shagon aika kuɗi da masu kamfanin jigilar alhazai da sakatarorin ƙungiyoyinmu da ke da irin wannan faifai a cikin durowa, sai muka ga ya kamata mu warware dalili dalla-dalla.

MENE NE MADUBI?

Haɗin tagwayen nan da mai gyara ya faɗa masa shi ne masana ke kira madubi, a takardunsu kuma suna rubuta shi RAID 1. Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar a 1988. Yadda madubi ke aiki shi ne, a sa faifai biyu cikin kwamfuta ɗaya, ita kuma ta riƙa rubuta kome sau biyu a lokaci guda, ɗaya nan ɗaya can. Mai aiki ba zai ga faifai biyu ba, guda ɗaya zai gani. In ya haɗa mai terabait 2 da mai terabait 1, to terabait 1 kurum zai samu, domin ƙaramin ne ke yanke hukunci.

Amfaninsa a fili yake. Idan faifai ɗaya ya mutu da tsakar rana, kwamfuta ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da ɗaya tagwayen har a samo wani a maye gurbin mataccen. Don haka bankuna da asibitoci da kamfanonin waya ba su wasa da shi, saboda su tsayuwar awa ɗaya asara ce babba. Mai gyaran nan ba ƙarya ya yi ba, kuma ba cuta ya nufa ba. Illa dai maganin da ya ba da na ciwo ɗaya ne, watau mutuwar faifai, alhali cututtukan da ke cinye aikin mutane sun fi haka yawa.

Ku dubi madubin da ke ɗakinku. In kun yi murmushi ya yi, in kun ɓata fuska ya ɓata. Ba ya tuna fuskar da kuka nuna masa jiya. Rumbu kuwa daban ne. Manomi ya zuba hatsi ya rufe, ya koma gona. Ko fara ta sauka a gonar bana, na bara yana nan. Abin da mai shago ke bukata da farko rumbu ne, watau ajiyar ko-ta-kwana, kwafin aikinsa na jiya da na makon jiya da na watan jiya, a wani wuri dabam da kwamfutar.

ABUBUWA UKU DA MADUBI BA YA TSAREWA

Na farko shi ne kuskuren hannu, kuma shi ya fi kowanne yawa. Mu kanmu mun ɗanɗana kuɗarsa. Shekarun baya, wata ƙungiyar adashi da muke ciki tana ajiye lissafinta a kwamfutar ofishin ɗaya daga cikinmu, kwamfuta mai faifai biyu, wadda muka daɗe muna alfahari da ita. Da shekara ta ƙare, sakatare ya buɗe takardar lissafin bara, ya share sunaye da alƙaluma don ya mai da ita ta sabuwar shekara, sa'an nan ya ajiye ta da tsohon suna. Cikin ƙiftawar ido lissafin wata goma sha biyu ya tafi, a faifan farko da na biyu baki ɗaya. Sai da muka yi wata uku muna tattara rasit da guntayen takardu, wani ya ce ya zuba, wani ya ce bai gani ba. Kuɗi dai an daidaita daga baya, amma akwai gidaje biyu da har yau gaisuwarsu ba ta koma kamar da ba.

Kada a ce wannan sai ƙananan mutane irinmu. A ƙarshen 2008 wani kamfani a Amurka mai suna Journalspace, wanda mutane ke ajiye rubuce-rubucensu a wurinsa ta intanet, ya rasa kome da kome. Madubi kaɗai ya dogara da shi, babu wani kwafi a gefe. Da aka rubuta shirme a kan bayanan faifan farko, sai na biyu ya kwaikwaya da aminci. An kai faifan wurin ƙwararrun masu ceto bayanai, ba su samo kome ba, kamfanin ya rufe.

Na biyu shi ne ƙwayar cutar kwamfuta, musamman irin wadda ke garkuwa da bayanai, ta kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya fansa. Shagon buga takardu kuwa shi ne mahaɗar irin waɗannan cututtuka, domin a yini ɗaya 'yar sandar ajiya talatin na iya shiga bakin kwamfuta ɗaya, kowace daga inda ta fito. Idan cutar ta kulle fayil, madubi zai kwafi kullallen. Ba ma madubi kaɗai ba, duk faifan da ke jone da kwamfutar a wannan lokaci, ko na ciki ko na waje, yana cikin haɗari.

Na uku shi ne abin da ke samun ɗakin gaba ɗaya: gobara, ɓarawo, tsawa, ambaliya, ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Faifai biyu da ke cikin akwati ɗaya, suna shan wuta ta waya ɗaya, ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ɓarawon da ya ɓalle ƙofar shago ba zai tsaya ya kwance faifai ɗaya ya bar muku ba. Mazauna Yawunde ba su manta daren 16 ga Nuwamba 2017 ba, sa'ad da wuta ta cinye hawa da dama na ginin ofisoshin Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Ngoa-Ekelle. In wuta ta iya shiga can, to shagunanmu da ke manne da juna, ga wayoyin lantarki a sarƙe, ga masu gashin nama a ƙofa, me zai hana ta?

Ko Turawa ba su tsira ba. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta ƙone ɗaya daga cikin manyan rumbunan kwamfuta na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa ƙurmus, ta kuma taɓa na kusa da shi. Wasu abokan cinikin kamfanin sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, sai daga baya suka gane ashe kwafin da asalin duk a wuri guda suke. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta sa kamfanin ya biya biyu daga cikinsu diyya, amma diyya ba ta dawo da abin da ya ƙone ba.

DARASIN DA YA ZO DAGA GANA

Akwai wani labari da muke so masu karatu su riƙe, domin ya nuna amfanin faifan da aka raba da sauran. Kowa ya san kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda muke ganin kwantenoninsa a tashar Duwala da kan manyan motocin da ke hawa arewa. A ranar 27 ga Yuni 2017 wata cutar kwamfuta da aka sa wa suna NotPetya ta shiga kamfanin ta ofishinsa na Yukiren, ta bazu ko'ina cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Shugaban hukumar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na 2018 cewa sai da suka sake ɗora uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300.

Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari a 2018, kamfanin yana da wasu kwamfutoci kimanin 150 a ƙasashe dabam-dabam masu riƙe da rajistar ma'aikata da mabuɗan shiga, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. An ɗauka tunda suna da yawa haka, ba za su mutu tare ba. Amma da yake duk a jone suke, cutar ta share su gaba ɗaya. Guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofis a Gana, kuma ba don wata dabara ba. Wutar lantarki ce aka ɗauke kafin cutar ta iso, kwamfutar ta mutu, ta yanke daga sauran. Da yake ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, sai ɗayansu ya ɗauko faifan ya kawo Nijeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgin sama, shi kuma ya wuce da shi Landan.

Madubai 150 sun tafi a rana ɗaya, faifai ɗaya da ke kashe ya ceci kamfani. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu bisa tsautsayi, shi muke so ɗan'uwanmu ya riƙa yi da gangan: ya kwafe, ya zare, ya nisantar.

KAFIN A AMINCE DA TSOHON FAIFAI

To amma fa faifan da ya fito daga uwar garke ba sabo ba ne, kuma ba a banza aka yi masa ritaya ba. Kafin a ɗora masa amana sai a duba abu huɗu.

Da farko a dubi bakinsa. Faifan uwar garke iri biyu ne, akwai SATA akwai SAS. Na SATA shi ne irin na kwamfutocinmu na yau da kullum, bakinsa yana da giɓi tsakanin wurin wayar bayanai da wurin wayar wuta. Na SAS kuwa babu wannan giɓi, bakin a haɗe yake, kuma galibi an rubuta sunan a jikin takardar da ke manne da shi. Faifan SAS ba ya aiki a kwamfuta ta gida ko a akwatin USB na kasuwa, sai da wani kati na musamman. Mun ga waɗanda suka sayi akwati a titin Kennedy suka dawo gida faifai ya ƙi shiga. In naku SAS ne, sau da yawa ya fi sauƙi a yi musanya da shi wurin masu gyara a karɓi na SATA. Shi ɗan'uwanmu ya yi sa'a, nasa SATA ne.

Na biyu, babban faifai mai inci 3.5 ba ya ƙoshi da wutar da ke fitowa daga bakin USB, yana bukatar bolt 12. Saboda haka akwatin da za a saya masa lalle ya zama mai tasa wayar wuta.

Na uku, a tambayi faifan lafiyarsa. Kowane faifai yana riƙe da rajistar kansa da ake kira SMART, kuma akwai manhajoji na kyauta masu karanta ta, kamar CrystalDiskInfo ga masu Windows da smartctl ga masu Linux. A duba awannin da ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka in kun ga 43,800, to ya yi shekara biyar cur bai huta ba. Sa'an nan a duba yawan gurabun da suka lalace har ya ƙaurar da su, da waɗanda ke jiran ƙaura. In adadin ya wuce sifiri, musamman in yana ƙaruwa, kada a ba shi amana. Haka nan in yana ƙas-ƙas ko yana ƙara irin wadda ba a saba ji ba. Sai dai rajista mai kyau ba lamuni ba ce. A wani bincike da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 a kan faifai fiye da 100,000, sun gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi a wannan rajista ba. Tsohon faifai yana da kyau a matsayin kwafi na biyu, amma kada ya taɓa zama wurin da abu yake shi kaɗai.

Na huɗu, a tabbata an ba da faifan da izini, kuma a goge shi sarai kafin a fara amfani da shi, gogewa mai tsawo ba ta gaggawa ba. Mai yiwuwa akwai albashin mutane ko asirin ofis a ciki, ba namu ba ne mu leƙa. Doguwar gogewar tana da wani amfani kuma, tana bi ta kowane lungu na faifan, in akwai rauni ya fito fili tun ba a zuba masa kaya ba.

YADDA AKE CIKA RUMBU

Idan faifai ya ci wannan jarrabawa, sai a tsai da rana. Mu shawararmu ita ce yammacin Alhamis, kafin a rufe shago, ko safiyar Juma'a kafin a tafi masallaci, lokacin da ciniki ya lafa. A jona faifan, a kwafe, a fitar da shi ta hanyar da kwamfuta ta tanada, a jira ya daina juyi, sa'an nan a ɗaga shi. Faifan da ke juyi ba ya son girgiza. A nan kowa ya yi wa kansa lissafi: duk aikin da aka yi tsakanin kwafi da kwafi, shi ne za a rasa ranar tsautsayi. Wanda ba zai iya jure asarar aikin mako ba, ya riƙa yi kullum.

Kada a riƙa zuba sabon kwafi a kan tsoho. A buɗe jaka da kwanan wata, ta wannan mako dabam, ta makon jiya dabam, a bar aƙalla huɗu na baya-bayan nan da kuma ɗaya na ƙarshen kowane wata. Dalili shi ne, sau da yawa ba a gane fayil ya lalace sai bayan kwanaki. Masu Windows suna da manhajar File History a cikin kwamfutarsu, masu Mac suna da Time Machine, duka suna riƙe tsofaffin kwafi da kansu. A yi hattara da manhajojin da ke cewa za su daidaita jaka biyu su zama iri ɗaya, domin wasunsu suna share abin da aka share a ɗaya gefen. Wannan madubi ne ya sake riga.

Wurin ajiya kuma ya zama wani gini dabam. In shago yana Briketeri gida yana Tsinga, madalla. In shago da gida a haɗe suke, a kai gidan wa ko ƙane. A sa shi cikin jakarsa, cikin akwati, a kan kanta ba a ƙasa ba saboda ruwa da laima, nesa da murhu da hannun yara.

Akwai wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, ana ce mata 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga ɗan'uwanmu, na farko shi ne na cikin kwamfuta, na biyu faifan da ke gida. Na uku kuwa ba sai ya kashe kuɗi ba. Takardun da suka fi muhimmanci, kamar lissafin bashi, ba su da nauyi, kuma Google yana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta. Amma tura hoto ta WhatsApp ba ajiya ba ce, domin yana rage ingancinsa, kuma waya na iya faɗawa hannun ɓarawo a tasi.

Tunda faifan zai riƙa yawo tsakanin shago da gida ɗauke da hoton katin shaida da fasfo na mutane, ya kamata a kulle shi da kalmar sirri, da BitLocker ko VeraCrypt. Amana ce, kuma tun 23 ga Disamba 2024 Kamaru tana da doka mai lamba 2024/017 a kan kare bayanan mutane. Sai dai a rubuta kalmar sirrin a takarda, a ba wani amintacce guda ɗaya ya ajiye. Rumbun da mabuɗinsa ya ɓace da wanda ya ƙone duk ɗaya ne.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Saura abu guda da kusan kowa ke mantawa, watau gwaji. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin yara na Toy Story 2, wani ma'aikacin kamfanin Pixar ya ba da umarnin sharewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya ɓace. Suka ce ba kome, akwai ajiyar ko-ta-kwana. Da aka buɗe sai aka tarar ta daɗe ba ta kwafa daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Saboda haka sau ɗaya a wata a ɗauki faifan a jona shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe fayil biyar ko shida, tsoho da sabo, a gani da ido. Gani ya kori ji.

TO YAUSHE MADUBI KE DA AMFANI?

Ba mu ce a jefar da madubi ba. Wanda aikinsa ba ya son tsayawa ko na awa ɗaya, kamar mai kantin magani ko ƙaramin asibiti, yana da hujjar yin sa. Amma akwai tsari. Faifan farko da ya samu rumbu ne. Na biyu ma rumbu ne, a riƙa musanya su, ɗaya na shago ɗaya na gida, don kada a taɓa samun lokacin da duk kwafin ke ɗaki guda. Sai na uku ne zai zama madubi. Wanda ya yi madubi kuma ya riƙa leƙa shi, domin ɗaya tagwayen na iya mutuwa shiru, kwamfuta ta ci gaba da aiki watanni ba wanda ya sani, sai ranar da na biyun ya bi shi. Kuma kafin a ba mai gyara ya haɗa madubi, a fara kwafe kome a gefe, don kuskure wajen zaɓen wane faifai za a kwafa a kan wane ya sha mai da cikakke fanko.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan 'yan takardu? To ga 'yan kasuwarmu, dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da sakatariyarta ke nan Yawunde, ta wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun shaidarsu har shekara 10. Jami'in haraji ba zai karɓi uzurin cewa kwamfuta ta mutu ba. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi haraji nauyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Iyayenmu da suka zo garin nan da fataucin goro da shanu suna rubuta nasu da ajami, su sa a gafaka, kuma akan samu shaidu da suka sani. Mu yau mun zuba namu a na'ura, sau da yawa ba wanda ya san inda yake sai mu. Ranar da mutum ya faɗi, ba a raba gado sai an biya bashi. In lissafin ya tafi tare da faifai, marayu su rasa abin da ake bin mutane, masu bin mamaci kuma su rasa hujja, shi kuwa ya kwanta da nauyi.

Ɗan'uwanmu ya dawo mana bayan mako biyu. Ya sayi akwati mai wayar wuta, faifan ya nuna awa dubu talatin da ɗoriya ba tare da lalataccen gurbi ba, kwafin farko ya ci masa dare guda. Yanzu faifan yana cikin adakar mahaifiyarsa, yana fitowa ranar Alhamis ya koma ranar Alhamis. Muna kira ga sakatarorin ƙungiyoyinmu da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su yi koyi da shi tun kafin wata ya ƙare. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba akwatin ajiye wuta, wanda masu Faransanci ke ce wa onduleur, da yadda ake gane batirinsa ya gaji. Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar jama'a da ke hannunmu, amin. Mu huta lafiya.